Arba'in ɗin Yaya Gavril

Kwana tara a jere Sajan Onofrei, ɗan sandan garinmu, yana kawo motarsa ya ajiye a bakin gada, daidai inda zai hango ƙofar gidanmu. Ba ya fitowa. Sai ya sauke gilashi ya zauna yana ɓare 'ya'yan kabewa, yana tofar da ɓawon a rafi, kamar don wannan aikin kaɗai aka haife shi. In na fita da bokiti ya ɗaga min hannu. Ni ma in ɗaga masa, a zuciyata kuwa ina zaginsa har kakansa.

Na san abin da yake nema, shi ma ya san na sani. Guduma ce.

Duk itacen da za a sare a dajinmu sai ma'aikacin gandun daji ya fara buga masa hatimi a gindi da gudumar hukuma mai lamba. Wanda ba hatimi sata ne. To mijina Toader, mai wayon tsiya, ya samu wani maƙeri a bayan dutse ya ƙera masa irinta sak, har lambar. Shekara biyu shi da wansa Yaya Gavril suna hawa gangaren da ko akuya sai ta yi shawara, su buga hatimin ƙarya, su sare, su sauko a guje kafin wani ya gani. Saurin nan ne ya kashe Yaya Gavril. Ana ruwa, ƙasa ta yi santsi, itacen ya faɗi inda ba a ce masa ba. Toader ne ya goyo shi har bakin titi, kafin motar asibiti ta iso ya cika.

Bayan jana'iza ma'aikatan daji suka hau wurin suka ga kututturan, suka ga hatimin ba nasu ba ne. A satin na kira Rodica, 'yar kawuna da ke aikin lauya a birnin Suceava.

"Ki buɗe kunnenki, Saveta," in ji ta. "Gida, tsakar gida, ɗakin ciyawa, turken shanu, duk abin da shinge ya kewaye, ba mai bincika shi sai da takarda mai sa hannun alƙali. Ba ta ɗan sanda ba, ba ta mai gabatar da ƙara ba, ta alƙali. In sun kawo ki karɓa ki karanta, ki duba lambar gidan. Amma da zarar abu ya fita titi, a mota ne ko a keken doki, zance ya canja, za su iya tsayar da ku su duba. Sannan abin da mutum ya ɗauko da kansa ya miƙa musu, wannan ba ya buƙatar takardar kowa."

"In an samu abin fa?"

"Ɗauri ne, ba tara ba. Ni ban tambaye ki ko akwai wani abu a gidan ba, ke ma kar ki gaya min."

Na ce wa Toader mu jefa tsinanniyar gudumar a rijiya. Ya ce sai dai a jefa shi. Na yi faɗan, na yi kukan, na kwana biyu ban kula shi ba, ko gezau. Da na ga haka sai na karɓe ta na naɗe a tsumma, na tura ta can ƙasan gangar garin masara a ɗakin ajiya, na kulle, na rataya makullin a wuyana tare da gicciyena. Ba son gudumar nake yi ba. Mijina nake so ya kwana a gidansa.

Ranar farko da Onofrei ya zo, har ƙofa ya tako. Dogo ne mai faɗin kafaɗa, ba ɗan garinmu ba, daga can ƙasan kogi aka turo shi shekara uku da suka wuce. Ya cire hula ya riƙe a ƙirji.

"Ina kwana, uwargida. Ya ƙarin haƙuri?"

"Da godiya, Yallaɓai."

"Na ce ko zan ɗan leƙa ɗakin ciyawarku. Minti biyar, ba wani abu ba."

"Ciyawa kake sha'awa? Bari in ɗebo maka."

Ya yi dariya, amma idonsa na kan ƙofofin da ke bayana yana bin su ɗaya bayan ɗaya.

"Wanda ba shi da abin ɓoyewa ai ba ya tsoron minti biyar."

"Wanda yake da takardar alƙali kuma ba ya tsayawa roƙo a ƙofa. Kana da ita?"

"Tana hanya."

"To Allah ya kawo ta lafiya. In ta iso ka zo da ita, har kofi zan dafa mata."

Ya mayar da hularsa. Har ya juya, sai ya tsaya kamar ya tuna wani ƙaramin abu.

"Kin san alƙalai da iyayi. Wai ba za su sa hannu a kan wasiƙar da ba suna ba. Ni kuwa wasiƙar ta burge ni. Mai ita har ya san ƙotar abin an naɗe ta da shuɗin salatif." Ya kalle ni. "A gaida mutan gida."

Na tsaya riƙe da ƙyaure. Shuɗin salatif ɗin nan ni na saye shi a kasuwar Alhamis, a teburin kicin Toader ya naɗa shi. Ba maƙwabcin da ya taɓa ganin gudumar. Wanda ya rubuta wasiƙar a cikin shingenmu yake cin abinci.

Mu huɗu ne a cikin shingen. Ni, Toader, uwarsa Mama Anisia da gidan yake da sunanta, sai faccalata Domnica, matar marigayi, a ɗakunansu na bayan rijiya. Mama ta haura tamanin, ƙafafunta sun kumbura, iyakarta bencin bakin ƙofa da ulun da take saƙawa. Tun da aka binne ɗanta ba ta cika magana ba. Saboda haka ban sha wahalar lissafi ba, Domnica ce. Tun ranar jana'iza ba ta ƙara kallon Toader a ido ba. In ya shigo kicin ta fita. Kuma ita ke zuwa gidan waya karɓo wa Mama wasiƙu.

Na sa mata ido. In ta je rijiya ina taga. In wayarta ta yi ƙara sai in ga ina da aiki kusa da ita. Rannan na same ta tsaye a ƙofar ɗakin ajiya hannunta a kan kwaɗo.

"Me kike nema?"

"Gari, Saveta. Me ake nema a ɗakin ajiya?"

"Ki faɗa min nawa kike so in ɗebo miki."

"Yau kuma? Shekara ashirin da biyu ina shiga ɗakin nan."

"Shekara ashirin da biyu ba a rubuta wa 'yan sanda wasiƙa daga gidan nan ba."

Ta dube ni, fuskarta ta yi fari fat. Na zaci za ta yi rantsuwa ko ta zage ni, da na ji daɗi. Sai kawai ta ajiye kwanon a ƙasa ta koma ɗakinta. Shirun nan ya ƙara tabbatar min. Na bi ta da magana har ƙofa, maganganun da yanzu ba na son tunawa. Na ce mata in mijinta ya mutu ba dalili ba ne ta kashe min nawa. Mama na bencinta duk tana ji, ba ta ɗago daga ulunta ba.

Shi kuwa gogan, wanda duk don shi ake wannan, ko a jikinsa. Ana saura kwana uku arba'in na same shi a gindin bishiyar tuffa ya ɗora injin yankan itace a cinya yana wasa haƙoran sarƙar, ƙyas, ƙyas, ƙyas.

"Toader, kana da hankali kuwa? Mutumin can yana gada yana kallon ka."

"Wasa sarƙa laifi ne? Ya je ya kawo takarda."

"Ina za ka da ita?"

"Litinin in an gama arba'in zan hau. Akwai guda goma sha ɗaya da muka bari a tsaye. Ta bayan lambu zan bi, ya zauna nan ya ƙare kabewar duniya."

"Gangaren da ya kashe ɗan'uwanka?"

"Ruwa ne ya kashe shi, ba gangare ba. Litinin ba ruwa."

"Kai kaɗai?"

"To da wa? Ko za ki riƙe min igiya?"

Taku biyar ne tsakaninsa da bencin Mama. Na lura allurar saƙarta ta tsaya, sai na ɗauka zare ne ya harɗe mata.

Arba'in ta faɗo ranar Asabar. Tun Alhamis muke naɗe kabeji da nama da shinkafa, tukunya uku manya. An gasa burodin zobe, an dafa koliva, wato alkama da zuma ta sadakar mamaci. Mun yi lissafin mutum sittin. Abin da ya hana ni sukuni shi ne ƙofa. Ranar arba'in ba a rufe ƙofar gida, ba a kuma korar kowa, ko maƙiyinka ne ya shigo sai ka sa masa faranti, don ran mamaci yake ci. Na sake kiran Rodica.

"In ya shigo a matsayin baƙo fa?"

"Baƙo ne. Ya zauna ya ci. Amma ba shi da ikon buɗe ko da akwatin cokali. Abin da idonsa ya gani a fili dai ya gani, saboda haka kar ki bar komai a fili."

Da safe za mu tafi coci, daga nan mu hau maƙabarta. Mama ba ta iya hawan tudun, ita za ta zauna ta haɗa ƙunshin sadaka, wato kayan marigayi da za a bayar. Tuni an tsayar da wanda za a ba: Mitru mai kiwon shanun gari, tsawonsu ɗaya da Yaya Gavril, kuma yana buƙata. Ina ɗaura ɗankwali Mama ta kira ni.

"Saveta, bar min makullin. Tawul ɗin sadaka suna ciki, kuma matan da za su tuƙa tuwon masara za su so gari."

"Mama, kar ki bari kowa ya shiga. Ke ki ɗebo musu."

"Ni zan ɗebo."

"Ko Domnica ta dawo kafin mu, kar ki ba ta."

"Na ji, 'yata."

Na cire shi daga wuyana na sa mata a hannu. Ko ɗar ban ji ba. Har daɗi na ji, don Domnica tana gabana a coci inda zan gan ta, Onofrei kuma yana gada inda na bar shi.

Muna dawowa da rana na tarar an jera tebura a tsakar gida, daga rijiya har bishiyar tuffa. Fada, limamin cocinmu, ya zauna a kujerar gaba. Mama ta mayar min da makullina ba tare da na tambaya ba, na taɓa kwaɗon na ji shi a kulle. Mutane suka fara shigowa, kowa ya karɓi kyandir. Ina zuba miya na ji surutu ya ragu. Na ɗago, ga Onofrei a bakin ƙofa, ba kaki, ya sa baƙar riga, hula a hannu.

"Allah ya jiƙan Gavril," in ji shi.

Toader ya cije leɓe. Mama ce ta amsa daga inda take zaune. "Amin. Shigo, ɗana. A ba shi wuri."

Ni na ba shi wuri. Na zaunar da shi tsakanin matar Fada da wata tsohuwa kurma, bayansa ga ɗakin ajiya, fuskarsa ga shinge. Na cika masa faranti har yana zuba.

"Uwargida, za ki kashe ni da abinci."

"Ci, Yallaɓai. Kwana tara kana cin 'ya'yan kabewa, ka rame."

Matar Fada ta ƙyalƙyale da dariya, sai ta tuna inda take ta rufe baki. Shi kuwa ya ci abinsa hankali kwance. Idona bai bar kansa ba. Da ya miƙe ya ce zai wanke hannu, kafin ya yi taku biyu na kawo masa ruwa da tawul har inda yake. Da ya tambayi bayan gida, na sa Toader ya raka shi ya tsaya a ƙofa har ya fito. Duk wanda ya yi masa magana na lura da shi. Maƙwabcinmu ya sunkuya ya ce masa wani abu a kunne, na sa maƙwabcin a lissafi. Domnica ta zo wucewa da kwandon burodi ta miƙa masa ɗaya, na ga bakinta ya motsa, sai da na ji kamar in kifa mata tukunya. Daga baya na ji cewa "don ran mijina" kawai ta ce, abin da ta ce wa kowa.

Da aka gama ci Fada ya miƙe ya yi addu'a a kan koliva, kowa ya kunna kyandirinsa. A raina na ce saura kaɗan. A ba Mitru kaya, a watse, in rufe ƙofata, mu ga ta inda takardar alƙali za ta ɓullo.

Aka taimaka wa Mama ta tsaya. Ƙunshin yana ƙarƙashin kujerarta tun ɗazu, ta ce a ɗora mata a tebur. Rigar fatar tunkiya ce ta Yaya Gavril, wadda yake sawa ranar Kirsimeti, an naɗe wando da taguwa da takalma a cikinta, an ɗaure da farin tawul, burodin zobe a sama da kyandir a tsakiya. Mitru ya goge hannunsa a wando ya matso.

Mama ba ta ko kalle shi ba.

"Sajan," in ji ta. "Matso nan."

Mitru ya tsaya da hannuwansa a miƙe kamar an dasa shi. Na ce, "Mama, Mitru ne, ga shi nan a gabanki." Na zaci idonta ne ko rikicin tsufa.

"Na gan shi. Mitru, naka yana ɗaki, bargo da takalmin ruwa, Domnica za ta ba ka. Wannan na Sajan ne. Kafaɗarsu ɗaya da Gavril."

Onofrei ya zagayo tebur a hankali. Ba a ƙin karɓar sadakar mamaci, ko shi da ba ɗan gari ba ya san wannan. Mama ta tura masa ƙunshin ta kan tebur da hannu biyu, kamar yadda ake yi.

"Don ran ɗana Gavril. Naka ne a duniya, nasa ne a can. Da hannuna na ba ka, a gidana, a gaban Fada da jama'a."

"Allah ya karɓa," in ji shi.

Ya ɗaga. Na ga hannunsa na dama ya yi ƙasa, ya yi saurin tallafewa da gwiwa. Riga da wando ba sa yin wannan nauyin. Ta bakin hannun rigar wani abu ya ɗan leƙo, shuɗi.

Toader ma ya gani. Ya miƙe zumbur har bencin ya kife, ya yi taku biyu. Na san ƙarfin mijina, in ya fizgi ƙunshin nan ya tsallake shingen lambu ba mai kama shi kafin rafi. Allah ya sani a lokacin fata nake ya yi.

"Toader," in ji Mama. Ba ta ɗaga murya ba. "An riga an ce Allah ya karɓa. Rigar tana jikin ɗan'uwanka yanzu. Za ka tuɓe masa ita ka bar shi tsirara a can?"

Ya tsaya. Mutum sittin suna kallonsa da kyandira a hannu, ga Fada, ga Domnica da hoton mijinta a ƙirji. Hannunsa ya kai kamu ɗaya daga tawul ɗin. Tun muna yara muka san abin da aka bayar don mamaci ba a karɓe shi, in ka karɓe daga jikinsa ka cire. Toader ba mai yawan zuwa coci ba ne, amma shi ya goyo Gavril daga dutse. Ya sauke hannun. Ya ɗaga bencin da ya kifar, ya zauna a kai, ya sa kansa a tsakanin gwiwoyinsa.

Onofrei bai kwance ƙunshin a tsakar gida ba, wannan kam na ba shi. Ya roƙi Fada da maƙwabcinmu su biyo shi bakin titi. A kan motarsa ya zaro gudumar daga hannun rigar, gari na zuba daga tsummana, ya rubuta takardarsa suka sa hannu a matsayin shaidu. Ya dawo da takardar wurin Mama, ta karɓi biro ta rubuta sunanta a hankali, harafi bayan harafi. Ya dubi rubutun ya daɗe, sannan ya dube ta. Ni ma ina tsaye a bayanta na ga rubutun, kuma daga yadda ya dube ta na gane ba yau ya fara ganinsa ba.

"Toader," in ji shi, "Litinin ƙarfe tara ka same ni a ofis. Ka zo da lauya. Yau ranar ɗan'uwanka ce, ba zan taɓa ka ba."

Rigar kuwa ya naɗe ta da kyau ya ajiye a kujerar gaba.

Jama'a suka watse sumui-sumui, ba mai kallon wani. Na ruga ɗakin ajiya duk da na san abin da zan tarar, na tura hannu cikin ganga har kafaɗa. Gari ne kawai. Na fito da hannu fari fat na yi kan Mama, tana bencinta ta miƙe kumburarrun ƙafafunta.

"Ke ce kika rubuta wasiƙar."

"Ni ce. Na sa ta cikin ta ofishin fansho, Domnica ta kai ba ta sani ba."

"Kika zauna kina ji ina ci mata mutunci."

"Na ji. Wannan alhakin nawa ne da naki."

"Ɗanki ne fa, Mama. Shi kaɗai ya rage miki. Kwana tara na tsare ƙofar nan kamar karya, alƙali da kansa ya ƙi ba su hanya, ke kika ɗauka kika miƙa musu a faranti."

"Na ba shi kwana arba'in ya jefar da ita. Bai jefar ba. Sarƙa yake wasawa."

"Ɗaure shi za su yi."

"Na sani."

Ta nuna teburan da hannu, farantan da aka sha miya, ɓawon burodi, kyandiran da suka narke.

"Dubi can, Saveta. Kwana uku kuna dafa wa Gavril abinci. Loma nawa ya ci? Mitru ya ci, Fada ya ci, har ɗan sanda ya ci. Ni na wanke shi da hannun nan, na ga abin da itace ya yi wa ƙirjinsa. Ba zan wanke na biyu ba. Can inda za su kai Toader, Rodica ta ce ana kai abinci, ko ba haka ba?"

"Rodica? Har da ita kika yi magana?"

"A'a. Ke kike sa waya a babbar murya don ki ji da kyau. Ni ma na ji da kyau."

Ni da kaina na koya mata hanyar, ni na ba ta makullin.

Da yamma na je ƙofar Domnica. Na daɗe a tsaye kafin in ƙwanƙwasa. Ta buɗe, na ce mata na zalunce ta. Ta ce ta sani. Ta ce dalilin da ba ta iya kallon Toader shi ne tafiyarsu iri ɗaya ce da mijinta, in ya shigo kicin sai ta ga kamar shi ne. Ba ta ce ta yafe ba, ta dai miƙo min tawul ta ce mu je mu wanke farantan kafin ƙudaje su taru.

Shekara biyu da wata huɗu aka yanke wa Toader a gidan yari. Rodica ta yi iya ƙoƙarinta, ta ce da ta hanyar bincike ba takarda aka samo gudumar da ta watsar da ita a gaban alƙali cikin minti goma, amma abin da mai gida ta miƙa da hannunta a gaban shaidu sittin ba abin da za a ce. Onofrei yana sa rigar duk lokacin sanyi. Ranar farko da na hango shi a cikinta daga baya, a bakin coci, sai da na dafa bango.

Ban yafe wa Mama ba, ba zan yi ƙarya ba. Ina dafa mata, ina shafa mata magani a ƙafa, amma akwai ranakun da ba na iya haɗa ido da ita. Toader kuma har yau bai yarda ya karɓi wayarta ba.

Duk ranar ziyara tana riga ni tashi. Kafin in fito ta haɗa jakar: cuku, naman da aka kyafe, tuffa daga bishiyarmu, duk abin da masu gadin suke bari a shiga da shi. Ba ta taɓa cewa in gaishe shi ba. In motar yamma ta sauke ni a bakin gada, ina hango ta a benci ta juyo da fuska wajen titi. Ba ta bari in ajiye jaka.

"Ya ci?"

"Ya ci, Mama."

"Kin gani da idonki?"

"Ba a ci a gabanmu. Amma ya ce cukun wancan karon ya yi gishiri da yawa."

"Ya ce ya yi gishiri," in ji ta. Ta maimaita a hankali, sau biyu. Sai ta jawo ulunta ta ce in tuna mata ta rage gishirin a na gaba.